Tubalin Na-Dubai

A Kahu, in ka tambayi gidan su Sharfaddeen, sai an ɗan kalli juna kafin a ba ka amsa. Amma ka ce gidan su Na-Dubai, ko matar da ke daka a cikin gida za ta kwatanta maka ta bayan katanga. Shi kuwa mutumin nan, in ka ɗauke Kibiya da Rano da wani ɗaurin aure da ya taɓa zuwa Kano, ƙafarsa ba ta taka ko'ina ba. Ni dai ban ga laifin waɗanda suka raɗa masa sunan ba, don da bakinsa ya nema.

Sana'arsa cajin waya a bakin kasuwar Kibiya. Rumfa ce da tebur da ɗan janareta mai tari, sai tulin wayoyin caji da suka cukurkuɗe. Aikin bai wuce ya soka ya zare ba, amma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya kafa turakun sabis na ƙasar Rano gaba ɗaya. Injiniya yake kiran kansa, kuma yakan ɓata rai in an manta.

Abu ɗaya ne ke sa bakinsa ya mutu, shi ne Zubaida, 'yar Malam Ramalan mai makarantar allo a Durba. Yana son yarinyar nan tsakani da Allah, ita ma tana sonsa, har surutun nasa dariya yake ba ta. Manya sun shiga maganar, sai dai Malam ya kafa sharaɗi guda.

“Ba na kai 'yata rumfar caji,” in ji Malam. “Ranar da na zo gidanku na ga tubalin ɗakinta a jere, a bushe, ranar za mu yi maganar sa rana.”

Sharaɗin ba shi da wuya a baki. Matsalar ita ce ba mai buga tubali da damina, don ƙasa ce zalla ake kwaɓawa da ciyawa a mulmula a bar wa rana, ruwa ɗaya ya ishe ta komawa laka. Shi kuma Malam, da zarar ruwa ya ɗauke, ko yankan dawa ba ya jira, yake tafiya gabas cin rani da karatu, ba ya dawowa sai gab da wata damina. Wato in Sharfaddeen ya bi yadda kowa ke yi, tubali zai bushe Malam ba ya gari, aure kuma sai baɗi. Wannan lissafin shi ke hana shi jin daɗin tuwo.

Ana cikin haka ne aka toshe wani shafin sada zumunta a ƙasar nan, kamfanonin waya suka rufe hanyar shigarsa. A Kahu abin bai dami kowa ba, don yawancinsu ba su ma san da shafin ba. Amma Sharfaddeen ya ɗauka kamar shi aka yi wa. Ya hau babur ya tafi Rano wajen masu gyaran waya, ya tsaya bayan wani yana leƙe ta kafaɗarsa, ya dawo da yamma ɗauke da kalmomi biyu da girman kai mai yawa.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa Kawu Bello ne, ƙanin mahaifiyarsa, da ya kawo caji kawai.

“Kawu, ka san an toshe ka?”

“Ni? Wa ya toshe ni? Lafiyata ƙalau.”

“Wayarka nake nufi. Bari ka ji. Akwai wani abu a cikinta, DNS sunansa. Kamar ɗan kamasho yake a tasha. In za ka wani shafi, shi wayar ke tambaya ina motar wuri kaza. To kamfani ya ja kunnen nasa ɗan kamashon, ya ce duk wanda ya tambayi shafin nan a ce masa babu mota. Ni kuma zan canza maka wani ɗan kamashon, wanda za ku riƙa magana a kunne, ba mai ji.”

“Ni ba inda za ni, ɗan nan. Saƙon muryar Saminu kawai nake saurare daga Fatakwal, sai karatu.”

“Ai shi ya sa ba a ci gaba a garin nan.”

Ya karɓi wayar ya shiga can cikin cikinta, ya rubuta adireshin da ya hango a Rano, ko dai abin da ya tuna daga ciki. Ya miƙa wa Kawu yana hura hanci. Kawu ya danna saƙon ɗansa, abu ya yi ta juyawa. Ya danna karatu, shiru. Shafin da aka toshe bai buɗe ba, waɗanda ba a toshe ba ma duk suka bi sahu.

“Sharfaddeen, da ƙofa ɗaya aka rufe min, wadda ban ma san da ita ba. Yanzu ka rufe min gidan gaba ɗaya har da taga.”

“Sirrin ne ya yi yawa, Kawu. Ita kanta wayar ba ta san inda za ta ba. Alamar aiki ya yi kyau ke nan.”

Sai da Kawu ya je har Rano aka goge masa abin, ya dawo yana ta sababi a hanya.

Da wani ne, da ya ja jiki. Sharfaddeen kuwa ya ce ai DNS ta yara ce, babban aiki na wajen VPN. Ya sauke wata ta kyauta a wayarsa, ta buɗe masa jerin tutocin ƙasashe, ya zaɓi inda zai ɓulla. Ya wuce Jamus, ya wuce Ingila, ya ce sanyi. Da ya iso Dubai sai ya gyara zama ya danna. Abin mamaki, wannan karon ya yi aiki, shafin da aka toshe ya buɗe tar. Don ƙara ɓoyewa ya kashe abin da ke nuna inda waya take, ya ce ko tauraron ɗan'adam ba zai san a Kibiya yake zaune ba.

Ranar masu shayi da masu faci ba su huta ba.

“Ku matso ku gani! Kamfani ya kafa shinge, ni kuma na bi ta ƙarƙashin ƙasa. Wayar nan ta nutse a Kibiya ta ɓulla a Dubai. Duk wanda ya duba ta, ko wane ne shi, a Dubai zai gan ta. Ni da kuke gani zaune a nan, a Dubai nake.”

“To Injiniya,” in ji mai shayi, “in za ka dawo ka taho mana da turare.”

“Ka gaida Larabawa,” in ji mai faci.

Ya nuna musu tallace-tallacen da suka fara faɗo masa da Larabci, na dogayen benaye da agogunan zinare. Wannan ya ɗan sa bakinsu ya yi sanyi, shi kuma kansa ya ƙara kumbura.

A cikin makon ne ruwa ya ɗan tsagaita, kamar yadda yakan yi in damina ta fara tsufa. Sama ta yi fes, ƙasa ta fara shan iska. Sharfaddeen na zaune yana tunanin Zubaida da tafiyar Malam, sai ya buɗe shafin hasashen yanayi. Abin da ya gani ya sa ya miƙe tsaye. Hoton rana ne a jere, rawaya rawaya, tun daga farkon layi har ƙarshensa, babu ko ɗigon gajimare. Bai tsaya duba komai ba, ya rufe rumfa ya nufi gidan Mato magini.

“Mato, damina ta ƙare. A yi gayya jibi, tubali za mu buga.”

Mato ya ajiye fartanyar da yake wa ƙota. “Wa ya ce ta ƙare?”

“Ga shi nan. Rana, rana, rana. Zafi ma arba'in da biyu.”

“Arba'in da biyu? Ni fa da mayafi na kwana jiya.”

“Jikinka ne ya tsufa. Kai da ido biyu kake kallon sama daga ƙasa. Wannan kuwa daga bisa ake kallonta da na'ura.”

Mato ya ɗaga kai, ya ga saman kuwa wasai take. Ya sosa ƙeya. Shi ma dai ya gaji da zaman damina babu aikin gini, ga shi gayya ba ta zuwa babu tuwo. Ya ce Allah ya kai mu.

Iya, mahaifiyar Sharfaddeen, ita ta ɗan yi gardama.

“Kai fa, ka tabbata? Kada ka sa in tuƙa wa gari tuwo a banza.”

“Iya, ki daina haɗa ni da masu duba tururuwa. Ilimi ne wannan.”

“To Allah ya sa ilimin ya san hanyar Kahu.”

Ranar gayya samari suka fito da sassafe. Wasu na haƙo ƙasa a bakin kududdufi, wasu na ɗebo ruwa, wasu sun naɗe wando suna cuɗa laka da ƙafa, Mato na watsa yankakkiyar ciyawa yana ba da umarni. Kafin la'asar filin bayan gidan ya cika da tubali, sahu sahu, gwanin sha'awa. Mai gayyar kuwa ko yatsansa bai taɓa laka ba. Yana zagayawa da baƙin tabarau, waya a hannu, in wani ya ɗaga kai ya kalli gabas sai ya tura masa ita a fuska.

“Kalli nan, ba can ba.”

Magana ba ta kwana ba ta zaga unguwa, cewa na'ura ta ce ruwa ya ɗauke. Dije maƙwabciyarsu ta kwaso barkono da yankakkiyar kuɓewarta ta baza a tabarmi a ƙofar gida. Wasu matan suka fito da garin masara. Har Kawu Bello, wanda ya rantse ba zai ƙara sauraron ɗan 'yar'uwarsa ba, ya ga rana ta kwana biyu tana dukan ƙasa, ya sa aka yaye jinkar rumbunsa don a sake sabuwa kafin kaka. Kowa ya wuce sai ya ce sannu Injiniya, shi kuma yana amsawa da ka kawai.

Tubali ya fara yin fari a baya, cikinsa dai da saura. Sharfaddeen bai iya jira ba, ya aika wa Malam Ramalan cewa ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa. Ya kira Zubaida ya shaida mata.

“Ki fara zaɓen atamfa.”

“Ni dai kada ka kunyata ni gaban Baba,” in ji ta tana dariya. “Jiya fa mun ga walƙiya ta wajen Rurum.”

“Ta mutanen Rurum ce. Su ba su da VPN.”

Asabar bayan azahar Malam ya iso a bayan babur, da rawaninsa da carbinsa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke kallon filin tubali. Iya ta aiko da fura mai sanyi. Kawu Bello ya zo, Mato ya zo, maƙwabta suka taru, don kowa ya san abin da zuwan yake nufi. Sharfaddeen ya fito cikin farar shadda mai guga, ya durƙusa ya gaida Malam, daga nan kuma bakinsa ya ƙwace masa.

“Allah ya gafarta Malam, abin da mutane ke jira sai bayan kaka, ni na gama shi da damina. Zamani ne. Wayar nan da kake gani, a Dubai take. Duk wanda ya duba ta, a can zai gan ta.”

“Ikon Allah,” in ji Malam. Ya miƙe ya ɗauki tubali ɗaya, ya juya shi, ya danna da babban yatsa. Yatsan ya ɗan shiga.

“Gobe war haka ya zama dutse,” in ji Sharfaddeen da sauri.

Sai wata iska mai sanyi ta taso ta ɗage gefen tabarma. Kaji suka fara shigewa ƙarƙashin rumbu. Mutane suka waiga gabas, suka ga gari ya haɗe baƙi ƙirin.

“Injiniya,” in ji Mato, “ga baƙo fa.”

Sharfaddeen ya duba waya. Rana a jere, ko ɗaya ba ta motsa ba. “Wucewa zai yi. Na Rano ne, hanya ce ta biyo da shi.”

Aka yi wata tsawa da ta sa Kawu salati.

“A kawo zana da leda a rufe tubalin nan!” in ji Mato.

“Kada wanda ya taɓa! Rufewa za ta hana su shan iska. Ku mutanen nan, abu kaɗan sai tsoro. Ga shi a rubuce, yiwuwar ruwa sifili!”

Ɗigo na farko a kan gilashin wayar ya sauka, daidai kan hoton rana. Ya goge da hannun riga. Na biyu ya sauka masa a hanci.

“Raɓa ce,” in ji shi.

Bai rufe baki ba sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska da komai. Taro ya watse, aka kama hannun Malam aka ruga zaure. Dije ta fito a guje tana kururuwa tana tattara barkono, rabi a zani rabi na bin kwata. Kawu Bello ya tsaya a ƙofar zaure yana hangen rumbunsa a buɗe yana shan ruwa, ya rasa ma zagin da zai fara da shi.

Sharfaddeen kaɗai ya rage a fili. Da ya ga tubalin sahun farko sun fara zagwanyewa, sai hankalinsa ya tashi da gaske. Ya ruga ya rungumi guda biyu zai kai inuwa, suka narke masa a ƙirji. Ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa a kan wasu, rigar da ba ta rufe ko goma ba. Ya juya zai ɗauko zana, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a tsakiyar aikin gayya. Yana zaune yana kallo, jan ruwa ya ɗebi ɗakin Zubaida ya gangara da shi kududdufin da aka haƙo shi.

Da ruwa ya sassauta ya shigo zaure, laka tun daga gira har ɗan yatsa, tabarau ya rasa gilashi ɗaya. Wayar ce kawai ya ɓoye a hammata, ita ba ta jiƙe ba.

“Mu ga na'urar,” in ji Malam a hankali.

Ya miƙa. Malam ya nisanta ta daga idonsa ya duba. Rana na nan a jere tana murmushi.

“Sharfaddeen, ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, tambaya zan yi. Ɗazu ka ce wayar nan a ina take?”

“A Dubai, Allah ya gafarta Malam.”

“Kuma duk wanda ya duba ta, a can zai gan ta?”

“Ko wane ne shi. Ko kamfani, ko…”

“To shi mai ba da labarin ruwan, da ya duba ta, a ina ya gan ta?”

Sharfaddeen ya karɓi wayar, ya kashe VPN ɗin, ya sake buɗe shafin. Abu ya juya, ya juya. Sunan gari ya canza a can sama, inda bai taɓa kai idonsa ba. Ranakun nan masu rawaya suka ɓace, baƙin gajimare da walƙiya suka jeru a madadinsu har ƙarshen layi.

Ya ƙura wa abin ido. Sai kuma, wallahi, fuskarsa ta washe. Ya ɗaga wayar sama yana juyawa da ita.

“Kun gani? Kun gani ko? Ga shi nan ta faɗa, ruwa! Ai na ce muku wayar nan ba ta ƙarya!”

Mato ne ya fara, ya dafe bango yana dariya har da tari. Kawu Bello ya so ya riƙe fushinsa, abin ya gagara. Daga cikin gida aka jiyo Iya tana cewa a tambaye shi ko tuwon gayyar ma a Dubai aka ci. Dije ta leƙo da jiƙaƙƙen barkono a zani ta ce, “Kai Na-Dubai, in an gama taron ka zo ka shanya min wannan a garinku.” Sunan ke nan da ya zauna har yau.

Malam Ramalan bai yi dariya ba, sai dai gemunsa ya ɗan motsa. Ya miƙe ya gyara rawani.

“Maganata tana nan yadda take, ban ƙara ba, ban rage ba. Busasshen tubali, a nan Kahu. In Allah ya dawo da ni daga gabas, sai in zo in gani.”

Nan ne abin ya sauka a zuciyar Sharfaddeen. Sai baɗi ke nan. Ya tuna atamfar da ya ce Zubaida ta zaɓa. Ya bi bayan Malam har bakin babur, kai a sunkuye, jama'a na biye.

Malam ya hau, ya tattare rigarsa. Har mai babur ya tayar, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce dakata. Ya waiwayo ya dubi filin da ya zama fadama, ya dubi surukin gobe da laka ke ɗiga daga haɓarsa.

“Af, ka ga hira ta sa ko gaisawa ba mu yi sosai ba. Sharfaddeen, ya ruwa?”

Gaisuwar damina ce, kuma tun da aka kafa garin amsarta ɗaya ce, ko rufin ɗakinka ne ya rufto. Sharfaddeen ya dubi kududdufi, ya dubi jama'ar da ke jiran bakinsa, ya haɗiye yawu.

“Ruwa ya yi gyara, Malam.”